Istifanus, Mai Tafiya a Ƙarshen Layi

Shekara bakwai ke nan da muka binne Istifanus a wata maƙabarta da ke kudancin Manchester, ana yayyafi, takalmanmu na nutsewa cikin laka. Ranar Asabar da ta wuce ƙungiyarmu ta masu yawon tsaunuka ta yi masa taron tunawa a wani hall da muka kama a unguwar Lozells da ke Birmingham. An ci shinkafa da kaza, mutum shida sun yi jawabi, an haska hotonsa a bango yana tsaye kan dutse da sanda a hannu. Sunana yana cikin masu jawabi, amma da aka zo kaina na ce maƙogwarona na ciwo. Ƙarya na yi. Abin da ke bakina ba na wurin walima ba ne, shi ya sa na kawo shi nan.

Sunana Idirisu, haifaffen zangon Kumasi, direban bas a Birmingham sama da shekara ashirin. Istifanus kuwa mutumin Filato ne, Kirista, daga wani ƙauye da ke maƙale cikin duwatsu wajen Pankshin. Porter ne a babban asibitin nan na Edgbaston, wato mai tura marasa lafiya a kan gado daga wannan ward zuwa wancan. A can muka haɗu, lokacin jinyar matata Zainabu. Yana tura ta zuwa ɗakin hoto, ina biye, sai ta ce mini in rufe mata ƙafa, sanyi take ji. Kafin in miƙa hannu shi ya ja bargon, ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba da lafiya." Ta yi murmushi, don tun da aka kwantar da ita ba ta ji Hausa a bakin kowa ba sai ni. Bayan wata biyu ta rasu.

Jama'a sun yi ƙoƙari, ba zan tauye musu haƙƙi ba. An zo sadakar uku, an zo ta bakwai, an zo ta arba'in. Daga nan kowa ya koma shift ɗinsa. Ni kuma na koma flat ɗina a Handsworth, in tuƙa bas awa tara, in dawo in zauna a kujera ɗaya ko rediyo ba na kunnawa. GP, wato likitan unguwa, ya ba ni ƙwayoyi da lambar waya, ya ce in kira duk lokacin da na ji ina son magana. Ban taɓa kira ba. Wata bakwai ina haka, har ranar da Istifanus ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da leda a hannu. Takalmin hawa dutse ne a ciki, ya samo a charity shop, shagon gwanjo. Ya ce, "Malam Idi, gwada. In ya matse ka akwai wani." Na ce me zan yi da shi? Ya ce ranar Asabar za mu je tuddan Malvern mu ɗan taka, in Allah ya kai mu summer, lokacin zafi, kuma za mu je Alps.

A lokacin ban san ko ina ne Alps ba. Shi ya yi mini bayani cewa manyan tsaunuka ne da suka ratsa Faransa da Switzerland da Italiya da Austria, kawunansu fari fat da ƙanƙara ko a tsakiyar zafi. Wani abokin aikinsa ne ya fara kai shi. Istifanus ya ce ranar da ya taka hanyar dutse a can, ƙafarsa ta gane ƙasa a karon farko tun barinsa gida. Da ya dawo sai ya shiga koyon karanta taswira da duba yanayin sama da taimakon gaggawa, duk a ranakun hutunsa. Mutanenmu sun yi masa dariya sosai. Wani dattijo, ba zan kama sunansa ba, ya faɗa a gabana a wajen wani suna cewa mu mun gudo wa wahala mun zo Turai, shi kuwa Istifanus jirgi yake hawa takanas ya je neman wahala a kan dutse. Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Wannan dattijon shi ne shugaban ƙungiyarmu a yau, kuma shi ya fi kowa tsawaita jawabi ranar Asabar.

Doka ɗaya Istifanus yake da ita: mutum bakwai har da shi, ba ƙari. Yana da dalilansa, kuma ba masu wuyar ganewa ba ne. Can sama akwai gidajen katako da aka gina domin matafiya, hut ake ce musu, inda za a ba ka gado da bargo da miya mai zafi, kuma mutum bakwai suna samun tebur ɗaya su zauna suna kallon fuskar juna. Idan hadari ya taso, magana ɗaya za ka yi kowa ya ji. Idan wani ya fara ɗingishi za a gani tun kafin ƙafar ta kumbura. Shi kansa ba ya shiga gaba. Yakan sa wanda ya fi kowa rauni a gaba, kowa ya bi saurinsa, shi kuma ya tsaya a ƙarshen layi yana sauraron numfashin mutane.

Tafiyata ta farko zuwa Alps wani kwari muka je kusa da Innsbruck a Austria. Musulmi uku, Kirista huɗu, 'yan Ghana da 'yan Najeriya a gauraye. A gaba aka sa Hajiya Memuna, mai aikin care, wato kula da tsofaffi, a Lozells, wadda ciwon suga ya dama, kuma ba ta taɓa tafiyar da ta wuce daga gida zuwa bus stop ba. Muna tafe da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino a jakunkunan goyo, muna wuce shanu masu ƙararrawa a wuya, Turawa suna gaishe mu da harshensu muna amsawa da namu. Idan azahar ta yi Istifanus ne ke fara duba agogo. Zai nemo mana wuri mai laushi, ya nuna mana alƙibla da kamfas ɗinsa, ya zauna gefe yana gadin jakunkuna. Ranar Lahadi da safe mu ma mukan jira su su gama addu'a kafin a ɗaura takalmi.

A rana ta uku, muna hawan wata mashiga tsakanin duwatsu biyu, na zauna a kan wani falalen dutse na ce ba zan ƙara ko taku ɗaya ba. Ba ƙafata ce ta gaji ba. Sai ga hawaye, ni da ban yi kuka ba ko a ranar jana'izar Zainabu. Istifanus ya ce wa sauran su ƙarasa wajen wata bishiya su jira. Ya zauna kusa da ni, ya ciro lemo ya ɓare, ya jira har na yi mai isata. Can ya miƙo mini rabi, ya ce, "In ka ce mu koma, mu koma. Ba wanda zai ji haushi." Kafin in ba shi amsa sai ga Hajiya Memuna ta sauko, sauran na biye da ita, ta ce dama ita ma hutu take nema, kunya ce ta hana ta faɗa. Muka zauna mu bakwai. Wani ya ba da labarin mahaifinsa da ya rasu bai samu visa ya je jana'iza ba, wata ta ba da na ɗanta da ya daina yi mata magana. Waɗannan mutane ne da nake gani a biki da suna shekara da shekaru, ban taɓa jin komai a bakinsu ba sai lafiya lau. Da la'asar muka isa mashigar. Na kalli kwarin da muka baro, gidaje kamar an zubar da ashana, na ji yunwa ta gaske a karon farko cikin shekara guda.

Summer huɗu na bi shi a haka. Sau ɗaya ya mayar da mu baya muna hango ƙololuwar dutse, don ya ga gajimare ya sauya launi. Ba wanda ya yi musu, muka juya, muna shiga hut ƙanƙara ta fara zuba. Hajiya Memuna ta rage ƙiba har GP ɗinta ya rage mata magani. Hotunanmu suka fara yawo a wayoyin jama'a, masu dariya suka fara tambaya ko akwai wuri. A lokacin Istifanus ya riga ya koma Manchester saboda aikin matarsa, don haka masu son zuwa suka zama gari biyu.

A nan ne laifina yake, kuma shi ne abin da ba a faɗa ba ranar Asabar. Ni ne na fara kawo maganar kafa ƙungiya. Na ga abin da tafiyar ta yi mini, na ce bai kamata a hana sauran jama'a ba. Mu huɗu muka hau train muka same shi a gidansa a Cheetham Hill, har da dattijon nan. Muka ce a kama coach, babbar bas ta tafiya mai nisa, a ɗebi mutum talatin ko arba'in a lokaci ɗaya, a yi shugaba da sakatare. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Ba na hana kowa zuwa. Ku ba ni mutum biyar in koya musu, shekara biyu ta isa, sai kowannensu ya ɗauki mutum shida nasa. Amma arba'in a hanya ɗaya, ban san yadda zan duba su ba." Mu kuwa ba mai son jiran shekara biyu. Sai na buɗe baki na ce, "Kai dai so kake a ce sai kai." Ya dube ni, sannan ya kira 'yarsa Alheri ya ce ta ƙaro wa baƙi shayi. Bai sake komawa kan maganar ba.

Muka kafa ƙungiya ba shi. Muka aika masa takarda cewa mun naɗa shi uban ƙungiya, ya kira sakatare ya yi godiya, ya ce a bai wa wani. A wannan summer mun tafi mu talatin da biyu a coach. Shi kuma ya tafi da matarsa da wani mutum ɗaya, don sauran nasa duk sun biyo mu, har da ni. Na gan shi a wani biki bayan mun dawo, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na lura, ban ce komai ba, don gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninmu. Mutumin da ya gane ba na cin abinci tun daga bakin ƙofa, ni na kalli ramarsa na wuce wajen jollof.

Da aka fara sanyi muka ji an kwantar da shi, cancer ce a ciki, ciwon daji, kuma ta riga ta yi nisa. Tsakanin Birmingham da Manchester awa ɗaya da rabi ce a train. Na ce sai weekend. Weekend uku suka wuce. Ranar da na je, da rana tsaka, barci yake yi, na zauna ina kallon wani porter yana wucewa da gado. Da ya farka ya gane ni, ya yi murmushi, ya tambayi Hajiya Memuna da sauran. Sannan ya ce, "Malam Idi, wa ke tafiya a baya yanzu?" Na ce masa juyawa muke yi, yau wannan gobe wancan. Ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko ya yarda. Gaskiyar ita ce babu kowa a baya, kowa gaba yake so, inda ake ɗaukar hoto. Na yi niyyar roƙon gafararsa kan maganar da na faɗa a gidansa, amma matarsa ta shigo da nurse, na ce sai na dawo. Bayan kwana tara ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga abin da muka zama. Yanzu muna da riguna masu hoton fuskarsa a ƙirji, muna da banner, ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiya, muna da group a waya da ba a iya bin saƙonninsa. Ba ma hawa da ƙafa sosai, cable car ke ɗaukarmu, ɗakin gilashin nan da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, ya sauke mu a sama mu kunna kiɗa a speaker, mu buɗe kula, mu yi hotuna, mu sauko. Masu muƙami suna zama gaban coach. Musulmi sun ware gefe guda, 'yan coci gefe guda, ba wanda ya shirya hakan, haka kawai ake yi idan an yi yawa. Ba zan ce ba a amfana ba. Akwai tsofaffin da suka ga ƙanƙara a kan dutse kafin su mutu, akwai iyalan da ba su taɓa fita hutu ba sai ta hanyarmu. Amma cikin shekara bakwai ban ji wanda ya faɗi abin da ke damunsa a wannan tafiya ba, kuma ban ga wanda ya dawo ya ci gaba da takawa ba.

Sai kuma abin da ya faru a summer da ta wuce. Mu arba'in da shida ne. Cikinmu akwai Mama Asabe, dattijuwa daga wani coci a Handsworth, wadda mijinta ya rasu a farkon shekarar, 'yarta ta yi mata booking don ta ɗan sha iska. Daga inda cable car ya sauke mu akwai 'yar tafiya ta rabin awa zuwa wani tafki. A hanya numfashinta ya sarƙe, ta zauna kan dutse a bayan wata kwana ta ce bari ta huta. Mutum ashirin ko fiye sun wuce ta, kowa ya ɗauka wani ne ke tare da ita. Muka isa tafki, muka ci, muka sha, muka dawo ta wata hanya daban. Sai da muka shiga coach direba ya ce akwai kujera ɗaya ba kowa. Kusan awa huɗu ke nan. Takardar sunaye a aljihuna take, ban buɗe ta ba, don ni ne nake riƙe da gefe ɗaya na banner a gaba.

Wasu Turawa biyu, mata da miji, su suka sauko da ita, sun lulluɓa mata jacket ɗinsu saboda sanyi. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi, kuma da na karɓa. Abin da ta ce da ta hau coach shi ne, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, na ɓata muku lokaci." Shugaba ya ce ba komai Mama, Allah ya kiyaye gaba, sannan ya bi kujera-kujera yana cewa kada a sa maganar a group, za ta ɓata sunan ƙungiya. Ba wanda ya sa. Ranar Asabar wani mai jawabi ya ce mun riƙe amanar Istifanus, aka tafa. Mama Asabe ba ta zo taron ba.

Alheri ma ba ta zo ba, ko da yake an aika mata kati. Washegarin taron na hau train na je Manchester na same ta. Yanzu physio ce, tana koya wa waɗanda suka yi hatsari ko shanyewar jiki yadda za su sake tafiya. A bakin wani na ji cewa ta yi course ɗin jagorar dutse, kuma kowace shekara tana ɗaukar mutum biyar ko shida zuwa Alps, ba banner, ba riga, ba ta ma sa hoto. Cikin waɗanda ta kai har da matan da ta haɗu da su a wurin aiki, waɗanda ba wanda ya zaci za su sake hawa bene. Ta karɓe ni da ladabi, ta kawo mini ruwa. Na gaya mata abin da na faɗa wa mahaifinta a falonsu. Ta ce, "Na ji, Uncle. Ni na kawo shayin." Na ce ya taɓa maganar daga baya? Ta ce bai taɓa ba, ko sau ɗaya, kuma da ma ya yi da ya fi mata sauƙi.

Idan na auna abin da ya rage na Istifanus, ba na ganinsa a rigunanmu ko a takardun ƙungiya. Ina ganinsa a Hajiya Memuna, wadda har yau take takawa a gefen canal, hanyar ruwan nan ta cikin gari, kowace safiya kafin ta tafi aiki, kuma ta daina bin coach tun shekarar farko. Ina ganinsa a 'yarsa. Ni kaina ina cikin abin da ya bari, tunda ban san inda kujerar nan ta Handsworth za ta kai ni ba da bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ɗaci, don da abin da ya ba ni na je na kafa abin da ya ce kada a kafa.

Kafin in tashi na tambayi Alheri ko za ta tafi da ni bana. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta kalli yadda na dafa kujera kafin in miƙe, ta ce, "Uncle, gwiwarka ta dama ba ta da kyau. Ka fara zagaya park kullum, minti arba'in, ba tsayawa. Ka kira ni a watan Mayu in ji numfashinka, sai mu ga." Na ce to. Na miƙa wa sakatare takardar barin ƙungiya ranar Litinin, ya ce zai kai wa shugaba, har yanzu ba wanda ya kira ya tambaye ni dalili. Shekarata sittin da ɗaya. Jiya na zagaya park ɗin Handsworth sau biyu, na tsaya sau uku a hanya. Yau sau biyu na tsaya.